Hanyar Kufai da Gurbin Tsamiya

Kun same ni ina ɗinkin kujerar mota, kun ce kuna son ku fara kai mutane yawon buɗe ido, wai aikin ba komai ba ne, a zuba mutane a bas, a kai su su yi hoto, a dawo da su kafin magariba. To ku samu wuri ku zauna. Sunana Gimba, ko da yake a tasha Baba Kufai suke ce mini, kuma a kan wannan hanyar da kuke gani kamar wasa gemuna ya yi fari.

Asalina direba ne. Ina jigila tsakanin Potiskum da Fika, da aurena da 'ya'yana, sai wata rana wasu 'yan kudu masu sayen shanu suka tare ni a tasha. Sun gama ciniki tun Laraba, babbar motar da za ta kwashi shanunsu ta lalace, ana jiran a kawo mata kaya daga Kano, suna zaune ba abin yi. Babbansu, wani Oga Emeka, ya ce mini, "Direba, ƙasarku babu wurin kallo ne? Kullum shanu, shanu?"

Na ce akwai. Na sha jin fasinjoji suna zancen wani tsohon gari a kan tsauni can gaba da Fika, da wani ruwa a gindinsa da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Muka kama hanya ina tsayawa ina tambaya, har muka isa ƙauyen da ke gindin tsaunin. Bulaman ƙauyen, wato mai garin, ya karɓe mu, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ba mai hawa da baƙo sai Baba Disa.

Baba Disa tsohon maharbi ne, mutumin Bolewa, gajere, ba jiki, Hausarsa tana fita da karin harshensu. Da ya fito daga zaure bai dubi fuskar kowa ba, ƙafafu ya bi da kallo. Ya nuna takalmi sau-ciki mai ƙyalli na Oga Emeka ya ce, "Wannan ba zai hau ba." Sai da aka aro masa takalmin roba a maƙwabta sannan muka tashi.

A saman tsaunin na ga abin da ban taɓa zaton yana ƙasarmu ba. Ganuwa ta dutse, an jera ta ba laka ba siminti, wani wuri ta kai ƙirji, wani wuri ta zube. Da'irar ɗakuna ga su nan a ƙasa, har ana gane inda ƙofa take. Duwatsun niƙa da tsakiyarsu ta lotsa saboda aiki, rijiyoyin da aka sara cikin dutse, fasassun tukwane ko'ina, da manyan kukoki tsaye a kan komai. Da muka sauko, rana ta gasa mu, Baba Disa ya bi da mu ta bayan tsaunin zuwa wani gurbi a ƙarƙashin tsamiya, inda ruwa ke tsattsafowa daga tsagin dutse, ya taru garau har ana ganin yashin ƙasa, sannan ya malale ta ɗaya gefen. Gurbin Tsamiya ke nan. Oga Emeka ya shiga da gajeren wando yana ihu kamar yaro.

Da za mu tafi Baba Disa ya riƙe ƙofar motata ya ce, "Kai kana da mota, ba ka san dutse ba. Ni na san dutse, ba ni da mota. Ka kawo mini mutane, in koya maka."

Haka na shiga koyo da girmana. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, aikina ɗaukar jarkar ruwa da tafiya a bayan kowa. Bai yarda in buɗe baki gaban baƙi ba. In na yi gunaguni sai ya ce, "Na baya shi ke ganin wanda ƙafarsa ta fara rawa. Je ka koyi ganin wannan tukuna." A nan na koyi cewa wanda ya fi kowa rauni shi ake sawa gaba, don tafiyar kowa ta zama daidai da tasa. Na koyi cewa mutumin da ya daina magana a kan hawa, ya daina gumi, ba hutawa yake ba, rana ce ta kama shi, a zaunar da shi a inuwa a dama masa gishiri da sukari tun bai faɗi ba. Na koyi taka dutse da ƙarfi kafin baƙo ya zauna a kai, saboda kunama da kububuwa suna son inuwar ganuwa kamar yadda mutane suke so.

Wata rana mun kai malaman wata makaranta, ɗaya daga cikinsu ya tambayi Baba Disa su waye suka gina garin, kuma yaushe. Tsohon ya ce, "Kakana ya gaya mini mutanenmu ne, tsoron mahara ya hau da su, da ƙasa ta lafa suka sauko neman gona da ruwa. Abin da ya wuce haka ban sani ba." Malamin ya yi ta jan sa, shi kuwa bai ƙara ko kalma ba. A gefen mota Baba Disa ya ce mini, "Gimba, baƙo yana son labari mai daɗi, zai ma ƙara maka wani abu in ka ba shi. Kada ka ba shi. Mutanen da ke kwance a can suna da jikoki a ƙauyen nan, ba a yi musu ƙarya." Haka kuma bai taɓa barin kowa ya sauko da ko ɓallin tukunya a aljihu ba. A bakin hanya yake tsayawa ya ce kowa ya zazzage.

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba a barin ko ɗaya a gida. Akwai adda ta share hanya. Akwai igiya mai kauri irin ta ɗaure bijimi, wadda nake saye a kasuwar shanu, ina canza ta duk shekara ko ba ta nuna gajiya ba. Akwai jarkoki marasa komai a ciki, a toshe bakinsu da kyau, su ne abin da ake jefa wa wanda ruwa ya fi ƙarfinsa. Tabarmi da butoci don sallar azahar, da buhun takalman roba manya da ƙanana, don har gobe mutane suna zuwa hawan dutse da takalmin biki. Sai babbarsu, doguwar sandar gora da aka yi wa tsaga-tsaga daidai gwiwa, ƙugu, ƙirji da wuya.

Da wannan gorar ake auna gurbi, kuma ana auna shi duk zuwa, ko jiya ka zo. Kafin baƙo ya cire riga, kai za ka zaga bakin ruwan ka duba ko akwai sawun kada, ka duba ko ruwan yana tafiya, don ruwan da ya tsaya cik shi ke sa tsargiya, ba a saka mutane a ciki. Sannan ka shiga da gora kana dungurawa taki-taki har ka sami inda yashi ya ƙare, rami ya fara. A nan za ka ja igiya daga tsamiya zuwa dutsen da ke ƙetare, ka ce ba mai wuce ta. Na taɓa zuwa bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, inda yara suka tsaya ruwa iya cibiya a makon da ya wuce, na dungura gora ta shige duka ban taɓa ƙasa ba. Ruwan ya kwashe yashin, a ido kuwa ba abin da ya canza.

Baƙi iri-iri ne. Masu bautar ƙasa su ne masu ƙarfin kai, dole idonka ya kasance a kan wanda zai hau dutse ya yi tsalle don 'yan mata su gani. Ma'aikatan gwamnati ba sa son tafiya, sai an lallaɓa. Dillalan shanu sun fi kowa sauƙi, in dai ka tsaya musu a rugar da ke hanya sun sha fura da nono, to sun gama da kai. Kowa da yadda ake bi da shi, amma doka ɗaya ce a kan kowa: in la'asar ta yi, mota ta juya.

Baba Disa ya rasu a gidansa bayan gajeriyar jinya, gorar ta dawo hannuna. Ban daɗe ina aikin ni kaɗai ba tashin hankalin nan ya shigo ƙasarmu. Ku kuna yara lokacin, amma kun ji. Baƙi suka kwashe iyalansu suka bar gari, aka daina turo masu bautar ƙasa, hanya ta cika da shingaye, tafiyar da ake yi kafin hantsi ta koma ta wuni. Wa zai ce zai je kallon kufai a irin wannan lokaci? Bas ɗina ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka tsage, kaji suka mai da ƙarƙashinta gida. Na koma tuƙa Keke Napep na wani maƙwabcina, ranar kasuwa kuma in je in taya lodin shanu.

Amma ban bar hanyar ta mutu ba. Duk lokacin da aka ɗan sami sarari sai in bi motar kasuwa zuwa ƙauyen da addata, in gaida Bulama, in hau in sare ƙayar da ta rufe hanya, in kwashe ganyen da ya toshe mafitar gurbi. Mutane a tasha suna cewa Gimba ya taɓu. Wani zuwa da na yi na tarar da tifa a gindin tsauni, samari suna gangaro da duwatsun ganuwa, wai wani mai gini a gari yana son su don harsashin gininsa. Na hau kan tulin da suka tara na zauna. Direban tifar ya ce, "Baba, sauka mana, aiki muke." Na ce, "Ni ma aiki nake." Muka yi ta yi har aka kira Bulama. Ya zo yana dogara sanda, ya dubi inda aka ɓare, ya ce wa samarin, waɗanda duk 'ya'yan ƙauyen ne, "Ɗakin kakar ubanku ke nan kuke lodawa." Tifa ta koma ba komai. Ni da Bulama da biyu daga cikin samarin muka yi kwanaki muna mayar da duwatsun. Ba su zauna kamar da ba, in kun je zan nuna muku wurin, ana gane hannunmu.

Da ƙasa ta fara lafawa na gyara bas da taimakon wani ƙanina makanike, na wanke ta, na kai ta tasha. Makonni suka wuce ba wanda ya tambaya. Waɗanda suka fara zuwa kuwa ba irin baƙin da na saba ba ne. Mata biyu ne suka yi sallama a gidana. Ɗaya Madam Rifkatu, mutuniyar Biliri mai sayar da atamfa, wadda ta ƙi barin Potiskum duk abin da aka yi. Ɗayar Hajiya Yagana, mai tuwo a bakin kasuwar shanu, mace mai jiki da murya, wadda ta rasa mijinta a shekarun nan.

Madam Rifkatu ta ce, "Malam Gimba, mu matan layinmu na kasuwa muna son ka fita da mu. Shekaru ke nan daga gida sai rumfa, daga rumfa sai gidan makoki. Muna son mu ga wani abu dabam."

Na ce, "Ba damuwa, Madam. Za ku ga kufai, za ku ci abinci a gindin tsamiya."

Hajiya Yagana ta ce, "Ruwan fa?"

"Za ku gan shi, Hajiya."

"Ba gani muka ce ba. Shiga za mu yi."

Tun zamanin Baba Disa mata iyakarsu bakin gurbi, su tsoma ƙafa su wanke fuska, maza na ciki suna iyo. Dalilin kuwa a fili yake: ba a saka mutum a ruwa sai mai gora yana tsaye yana kallo, ni kuma ba zan tsaya ina kallon matan mutane suna wanka ba. Na gaya musu haka. Hajiya Yagana ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "To ka nemo dabara. Sana'arka ce, ba tamu ba."

Matata Asabe tana jin mu daga tsakar gida. 'Yar Gashuwa ce, a bakin kogi ta tashi, ta fi ni iya ruwa nesa ba kusa ba, sai dai tun da aka kawo ta Potiskum ba ta ƙara shiga wanda ya wuce na bokiti ba. Da baƙin suka fita ta ce, "Malam, ba ni gorar."

Sai da muka je gurbin ni da ita sau da dama kafin in amsa wa matan. Na koya mata auna ƙasa, da jan igiyar iyaka, da jefa jarka ta yadda za ta faɗa gaban mutum ba a kansa ba. Abin da ya rage shi ne ƙarfi. Asabe ba ta da jiki, in mace irin Hajiya Yagana ta riƙe ta cikin ruwa, su biyun za su tafi. Sai na kawo igiya ta biyu, na ɗaura mata a ƙugu, na ja ɗaya bakin har bayan tsamiya inda ba a hango gurbi. Muka yi yarjejeniya: in ta ce "Ja!" zan ja ba tare da na ga komai ba, har sai ta ce in tsaya. Muka gwada da buhun yashi a hannunta har hannuna ya san nauyin.

Bulama ne ya fi wuya. Ya ce, "Gimba, mata a gurbi? Me za a ce a ƙauyen nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za a kewaye wurin da zana, ba waya a bakin ruwa, kuma ba namijin da zai wuce tsamiya. In kana shakka, ka zo ka zauna tare da ni ka tsare hanyar da kanka." Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce zai zo.

Da ranar ta zo muka tashi bayan asuba, bas cike da mata da kuloli. Na sa wata tsohuwa mai ciwon gwiwa a gaba, muka hau a hankali. Suka zaga kufai, Madam Rifkatu ta durƙusa gaban wani dutsen niƙa ta sa hannu a lotsawar ta ce, "Wannan matar ta sha aiki." Aka yi azahar, masu salla suka yi, sauran suka tsare musu kaya. Sannan muka sauka gurbi. Asabe ta shiga bayan zana da gora, ni da Bulama muka zauna a bayan tsamiya, fuskarmu na kallon gona, igiya a naɗe a hannuna.

Da farko ba ka jin komai sai "Wayyo sanyi!" da "Ke riƙe ni!" Can sai dariya ta ɓarke, irin wadda na daɗe ban ji a bakin manyan mata ba, ana watsa ruwa, ana kiran sunan juna. Bulama ya kori wasu 'yan kiwo da suka nufo wurin, ya dawo ya zauna.

Sai dariyar ta yanke. Aka kwashe da salati, wata na kiran Yesu, igiyar hannuna ta yi wani irin fizga. Muryar Asabe ta fito, "Ja! Malam, ja!"

Na kafa ƙafa a saiwar tsamiya na ja. Nauyin ya fi na buhun yashi sau nawa, igiya ta fara zamewa tana cin tafina. Bulama ya yar da sandarsa ya kama bayana, tsoho da shi, muka ja tare. Ƙafata ta so ta kai ni wajen zanar, amma na san in na saki don in leƙa, na sake su ke nan. Muka yi ta ja, hannu bayan hannu, har Asabe ta ce, "Tsaya! Ta fito!"

Muka tsaya muna haki. Ana ta tari a bayan zana, tari mai ƙarfi, ana buga bayan mutum. Na ce, "Asabe, wace ce?"

"Hajiya Yagana ce. Ta matsa jikin igiyar iyaka, zani ya naɗe mata ƙafa, ta zame cikin rami. Tana numfashi, ruwa kawai ta sha."

Na ce, "To a fito haka nan. Kowa ta shirya, mu tafi."

Sai ga muryar Hajiya Yagana a shaƙe, tana magana tana tari. "Malam Gimba, la'asar ta yi ne?"

"Ba ta yi ba, Hajiya."

"To ba inda za mu. In na fita yanzu, tsoron ruwan nan zan kai gida, matan nan kuma ba mai ƙara zuwa. Asabe, ba ni wandon nan da kika ce in sa na ƙi. A nan gefe zan zauna, inda yake iya gwiwa."

Na dubi Bulama, ya dube ni. Na ce wa Asabe ta matso da igiyar iyaka baya sosai, kuma duk mai zani ta fita ta canza. Na naɗe tafina da ƙyalle, na sake kama igiya. Ba a jima ba dariya ta dawo, ta Hajiya Yagana ta fi ta kowa ƙarfi.

Da la'asar ta yi suka fito, ido ja, fuska wasai, suka nufi mota suna ta labari. Na fara kwance zana zan naɗe in ɗora a saman bas, sai Bulama ya dafa hannuna. Ya ɗan duba gefe, ya rage murya.

"Gimba, bar zanar nan a inda take."

Na ce, "Lafiya, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Matan gidana tun safe suke aiko mini. Uwargidana ta ce rabonta da shiga gurbin nan tun kafin a kai ta ɗaki, ga shi yanzu tana da jikoki. Ka tambayar mini Asabe ko za ta iya dawowa ranar Juma'a."

Na mayar da zanar na ɗaure ta da kyau. Ranar Juma'a muka dawo ni da Asabe, bas ba fasinja ko ɗaya, sai gora da igiya biyu.